Hannu Huɗu a Takardar Uzairu

Duk wanda ya saba bin hanyar Tiga da hantsi ya san babur ɗin Uzairu malamin gona, ko da bai san mai shi ba. Jan babur ne da ya ga duniya, kuma ba a taɓa ganinsa da mutum ɗaya a kai ba. In babu manomi a baya da buhun iri, to akwai masunci da ragarsa, ko wani dattijo da zai je ganin likita. In Uzairu ya fito daga gida bai sami wanda zai ɗauka ba, sai ya tsaya bakin titi yana mammatsa lafiyayyar taya har Allah ya kawo mai tafiya. Mutane suna cewa kirki ne. Kirkin akwai, ba a hana shi ba. Amma waɗanda suka san shi tun yana yawo ba wando sun san sauran zancen: Uzairu ba ya iya zama shi kaɗai.

A wani ƙauye da ke ƙasan dam ɗin Tiga aka haife shi, a gidan Malam Inuwa, manomin da ke yin dawa da damina, ya yi albasa da tumatir da rani. Mahaifiyarsa, Inna Safara'u, takan ce tun ranar da aka yaye shi bai taɓa cin tuwo shi ɗaya ba. In an zuba masa, sai ya ɗauki kwanon ya fita neman wanda za su sa hannu tare, ko da kuwa wanda ya samu ya fi shi loma. In an aike shi ɗiban ruwa, sai ya dawo da rabin unguwa, kowa da ɗan galan, shi yana gaba hannu sake yana ba su labari.

Gidansu kuma gidan gayya ne. A lokacin da maƙwabta suka koma ga 'yan ƙwadago da maganin feshi, Malam Inuwa bai bar kiran gayya ba. Mai gona ya sanar da rana, matan gida su dama fura su tuƙa tuwo, samari su zo da fartanyu, kowa ya kama layinsa ya ja, makaɗi yana bin su a baya. Kafin azahar an tashi gonar da mutum ɗaya zai yi ta fama da ita har ciyawa ta sake fitowa ta inda ya fara. Gobe a koma gonar wani. A wannan sha'ani Uzairu ya sami sana'arsa tun bai kai ko'ina ba. Shi ne mai bi gida-gida yana sanarwa, shi ne mai raba layi, shi ne mai zuga wanda ya gaji, shi ne kuma mai ɗanɗana fura kafin a ba baƙi. Fartanyarsa ba ta cika cin ƙasa ba, amma in ba ya nan sai gayyar ta yi sanyi kamar zaman makoki.

Da wannan hali ya gama sakandare, da shi kuma ya sami gurbin karatun aikin gona a wata jami'a a birnin Kano.

Abin da ya fara tsorata shi a jami'a ba girman gine-gine ba ne, ba kuma Turancin malamai ba. Ranar farko a ɗakin kwanan ɗalibai ya ga wani saurayi ya dafa taliya, ya juya wa ɗaki baya, ya toshe kunnuwansa da igiyar waya, ya cinye tas bai ce wa kowa bismilla ba. Uzairu ya zauna bakin katifa yana kallonsa. Da haƙuri ya ƙare, sai ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Malam, an yi maka rasuwa ne?" Kowa a ɗakin da tukunyarsa, kowa da kwadon da yake kulle akwatinsa, har gishiri kowa da nasa. A aji kuwa, in malami ya ba da aikin gida, sai ka ga kowa ya rungume takardarsa ya yi nasa wuri, kamar kaza ta sami tsutsa.

Bai yi wata guda ba sai da ya tono mutanen kudancin Kano, 'yan yankinsu, daga cikin ajin. Na farko Dikko, wani dogon Bafulatani daga rugar da ke bayan Doguwa, wajen duwatsu, mutumin da ke auna magana kamar mai sayar da turare. Na biyu Mas'ud ɗan Kiru, wanda lissafi ke yi wa daɗi, kuma duk abin da ya samu gabansa, tebur ko bokiti ko bayan littafi, sai ya kaɗa shi. Ta uku Shamsiyya 'yar Tudun Wada, wadda ta fi su ukun ƙwaƙwalwa in an haɗa, kuma ba ta ga dalilin ɓoye hakan ba. Masu jiran a ce daga baya ita ya aura su yi haƙuri, wani likitan dabbobi ne ya aure ta.

Akwai wata darbejiya a bayan tsangayar aikin gona, da wani benci mai ƙafa uku da dutse. Nan Uzairu ya tara su a ranar da aka fara ba su aikin gida mai nauyi, kowa da nasa batun daban.

"Yanzu fisabilillahi," in ji shi, "mu huɗu, gonaki huɗu, kowa ya tafi ya yi ta nishi shi kaɗai? A garinku haka ake yi?"

"Nan ba garinmu ba ne," in ji Shamsiyya.

"Shi ya sa suke rama. Ki dubi wuyan 'yan birnin nan. Yau mu taru mu tashi na Mas'ud, gobe na Dikko, jibi naki. Mai gona ya kawo abinci. Wa aka cuta?"

"In an ce mun yi kofi fa?"

"Kofi shi ne ka saci na wani. Mu wa muka sata? Da guminmu za mu yi. Ko ba haka ba, ɗan Fulani?"

Dikko ya ce, "Kaɗo, in akwai abinci, ina ciki."

Haka aka raba layi. Uzairu ya ɗauki gabatarwa, don shi ya iya buɗe baki. Shamsiyya ta ɗauki tsakiya, inda ainihin ilimin yake. Mas'ud ya ɗauki lissafi da zane. Dikko ya ɗauki kammalawa, don babu wanda ya kai shi iya gajarta zance. Ranar gayyar Uzairu ana cin bandar kifin Tiga da gurasa, ranar Dikko fura da nono, ranar Mas'ud garau-garau, ranar Shamsiyya kuwa awara mai zafi da yaji. In an gama, mai gona ya tattara gutsattsarin ya kai shagon masu bugawa a kwamfuta, takarda ta fito fes da kamanni ɗaya. Sun yi aji ɗaya haka, sun yi aji biyu haka, makinsu yana kyau, jikinsu ma yana kyau. Uzairu bai taɓa jin ko ɗar a zuciyarsa ba. In ka tambaye shi a lokacin, zai ce maka shi ya zo ya koya wa jami'a zumunci.

A aji uku suka haɗu da Dakta Ummulkhairi, mai koyar da ilimin ƙasar noma. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta tsawa, ba ta zagi, wannan ne ma abin tsoron. Kwas ɗinta shi ne ƙofar aji huɗu, shekarar da ake kwashe 'yan aji gaba ɗaya a kai su gonar koyon aiki su zauna can tare. Wanda bai haye kwas ɗin ba, ba ya shiga motar. Dokarta kuma sananniya ce: wanda ya sami sifili a aikin gida, ba zai zauna jarrabawarta ba. Da ta raba musu batutuwa, sai ta ƙara da cewa da hannu take son a rubuto, domin ta gaji da karanta aikin da waya ta yi ɗalibi ya sa sunansa.

Uzairu ya faɗo a kan yadda gishiri ke taruwa a ƙasar noman rani har ta daina ba da amfani. Ya ji daɗi, don ya san farin abin nan da ke fitowa a gefen kwamin albasar babansa. Sanin ido ne dai, amma ya ishe shi gabatarwa.

Aka yi gayya kamar kullum. Da aka tashi na ƙarshe, Shamsiyya ta ce ya kamata kowa ya sake kwafe tasa takardar da hannunsa.

"Wa ya taɓa ganin an tashi gayya, mai gona ya sake bin gonar yana nomewa?" in ji Uzairu. "Ai zagi ne ga waɗanda suka zo. Da hannu aka ce. To da ƙafa muka rubuta?"

Shamsiyya ta buɗe baki za ta yi musu, amma tana da wani gwajin washegari, awarar kuma ta fara hucewa. Aka miƙa takardun yadda suke.

Bayan mako guda aka aiko su huɗun su zo ofis. Dakta ta jera takardun a tebur gefe da gefe, kamar mai shanya kuɓewa. Uzairu yana shiga ya durƙusa ya fara gaisuwa, ya gaida aiki, ya gaida gajiya, ya gaida iyali, yana shirin gaida zafin rana ta ce ya tashi ya tsaya.

Ta ɗaga shafin farko na takarda ɗaya. "Wannan hannun wane ne?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

"A takardar Dikko?"

"E, ranki ya daɗe. Ran Talata gayyarsa ce."

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. "Mece ce tasa?"

"Gayya, ranki ya daɗe. Irin ta gona. Kowa da layinsa. Wannan mai tsaye kamar sojoji na Shamsiyya ne, wannan na Mas'ud, wannan ƙanana kamar tururuwa na Dikko. Ba mu ɗauko daga waya ba, wallahi. Ba mu saci na kowa ba."

"Tun yaushe kuke wannan?"

Shamsiyya ta taka masa ƙafa. Bai gane ba, ya matsa gefe don ya ba ta wuri. "Tun aji ɗaya, ranki ya daɗe. Ba mu taɓa fashi ba."

Mas'ud ya rufe ido. Dikko ya kafa wa silin ido kamar yana neman hadari.

Dakta ta daɗe tana kallon Uzairu. Ta ga masu satar aiki iri-iri, masu rantsuwa da masu kuka da masu kawo takardar asibiti, amma ba ta taɓa ganin wanda ya zo yana jiran a yaba masa ba. Ta ce, "Uzairu, ranar da za ka tsaya a gonar wani talaka, ya nuna maka ƙasarsa ta yi fari ya ce me zai yi, Shamsiyya za ka kira a waya?"

Sai a nan abin ya fara shigarsa. Ya sake durƙusawa. "Ranki ya daɗe, ni na kira gayyar. A wajenmu in fartanya ta karye ko wani ya sare ƙafa, mai kira ake tambaya. Ki bar su, ki kama ni."

"A wajenku ke nan. A nan kowa sunansa ne a kan takardarsa."

Ta ce hukuncin wannan aiki sifili ne, su huɗun. Amma tun da babu wanda ya yi mata ƙarya, za ta ba su dama guda. Mako mai zuwa kowa zai shigo shi kaɗai, ta tambaye shi a kan tasa takardar da baki, daga farko har ƙarshe. Wanda ya amsa ya tsira, wanda ya kasa sifilinsa yana nan. Sharaɗi ɗaya ne: kafin ranar, babu zama tare, babu wanda zai koya wa wani, ba su ba, ba kuma wani ɗalibi daga waje ba.

"Ba zan bi ku ina leƙe ba," in ji ta. "Kai mai kiran gayya, kai za ka yi mini alƙawari."

Ya yi. Uzairu yana da surutu, amma ba ya wasa da alƙawari.

Sai da suka fito ya auna abin da ya hau kansa. Shamsiyya ba ta da damuwa, ita ce ilimin. Mas'ud ba ya iya lissafi sai ya karanta abin da ake lissafawa. Dikko ma, mai rufewa dole ya karanta abin da zai rufe, ashe shi ya fi kowa sanin takardun nan huɗu. Shi kuwa Uzairu, gabatarwa ake fara rubutawa tun babu komai. Yana gama nasa layin sai ya miƙa biro, ya tafi sayo ƙanƙara, ya dawo ya yi ta zuga masu aiki. Shekara uku yana buɗe ƙofa bai taɓa shiga ɗakin ba. Gabatarwa huɗu ya sani, kowace tana cewa batun nan yana da matuƙar muhimmanci ga al'umma.

Ba sifilin ne ya hana shi sukuni ba. Motar ce. Ya hango ranar da za a loda 'yan ajinsu da katifu da tukwane, Mas'ud yana kaɗa jikin mota, Dikko ya miƙo dogon hannunsa ta taga, shi kuma yana tsaye a ƙarƙashin darbejiya da benci mai ƙafa uku. Shekara guda cur cikin ƙannen aji da bai san ko sunansu ba. Da ya tuna wannan, har kifin da Inna ta aiko ya kasa ci, don ma babu wanda za su ci tare.

Ya fara da laburare. Ya sami kujera, ya buɗe littafi, shirun wurin ya danne shi kamar an kifa masa kwando. Bai gama shafi ba ya juya ya tambayi na kusa da shi ɗan wane gari ne. Aka yi masa tsaki daga kusurwa uku. Ya koma ɗaki, ya karanta layi ɗaya sau biyar, layin yana shiga ta ido yana fita ta ƙeya. Ya gane cewa tun da yake, abu ba ya zama a kansa sai ya faɗa wa wani.

Da la'asar ya kira gida. Inna Safara'u ta saurara har ya gama, sannan ta yi ta dariya har sai da tari ya sarƙe ta.

"Kai kaɗai? Kai Uzairu? Wannan malama ba ta da tausayi. Da bulala ta yi maka da ya fi sauƙi."

"Inna, ba abin dariya ba ne. Za su tafi su bar ni."

"To Allah ya ba ka sa'a, ɗan nan. Ga babanka."

Malam Inuwa bai ja zance ba. Ya ce, "Ni dai ko gayya na kira, in an tashi nakan zagaya gonata layi-layi in ga abin da aka yi mini. Kai ka taɓa zagaya taka?"

"A'a, Baba."

"To."

Ya kashe wayar. Tsohon ba ya son ɓarnar kati.

Washegari da hantsi, don gudun kada ƙafa ta kai shi darbejiya, Uzairu ya miƙe can bayan jami'a inda garken awakin tsangaya yake. Ya jingina da shinge ya buɗe kwafin takardarsa. Awakin suka ga mutum da abu a hannu, suka ɗauka dusa ce, suka taso suka jeru gabansa suna kallonsa. Ya dube su, suka dube shi. Rabon da ya ga fuskoki sun juyo gare shi haka tun ranar ofis.

"Sannunku da hutawa," in ji shi. "To, kun san me ya sa ƙasar noman rani take yin fari?"

Babu wadda ta sani. Ya duba layin Shamsiyya, ya karanta, ya ɗago ya yi musu bayani da Hausa: ruwan ban-ruwa yana zuwa da ɗan gishiri a cikinsa, rana ta shanye ruwan ta bar gishirin, in kuma babu hanyar da ruwa zai tsiyaye ya fita, sai ya yi ta taruwa har saiwa ta kasa shan ruwa ko da tana tsaye a cikinsa. Yana faɗa yana mamaki, don wannan ne karo na farko da shi ma ya ji zancen. Ya tuna albasar babansa da ke yin yaushi a cikin kwami jiƙaƙƙe, ya ce, "Ashe," ya ci gaba.

Akwai wani tsohon bunsuru mai gemu da ba ya ƙifta ido. Duk inda Uzairu ya fara kame-kame, sai ya ga bunsurun ya kafa masa ido, dole ya koma littafi ya nemo gaskiyar abin. Ya yi tunani a kan alƙawarinsa, ya juya shi ta kowane gefe, ya ga an ce ɗalibi, awaki kuwa ba su yi rajista ba. Kuma ba su suke koya masa ba, shi yake koya musu. Tun da kuma shi ya tara su, abinci yana kansa, sai ya riƙa bi ta wurin mai kayan marmari yana karɓo musu ɓawon kankana da ganyen kabeji. Kullum da hantsi yana can, da yamma yana can. Wata ja mai ciki ta miƙo wuya ta shinge ta cinye shafin farko na kwafin takardarsa, wato gabatarwa, abu ɗaya da ya sani a duniya. Bai ko yi fushi ba. Lissafin Mas'ud ne ya ba shi wahala, don ba a yi wa akuya lissafi da baki. Sai da ya riƙa zana shi a ƙasa da tsinke, yana gogewa da ƙafa yana sakewa.

Ranar tambaya, shi ne na ƙarshe. Shamsiyya ta fito tana gyara mayafi kamar ta je gaida ƙawa. Mas'ud ya fito yana share gumi, ya ce ya sha da ƙyar. Dikko ya fito ya ce, "Lafiya." Saura mutum ɗaya.

"Gabatarwa ba sai na tambaye ka ba," in ji Dakta. "Na san batun yana da matuƙar muhimmanci ga al'umma. Shiga ciki."

Ta jefo tambayar farko. Ofishin shiru, ita kaɗai, tabarau suna ƙyalli. Ya rufe ido ya ja numfashi, ya buɗe, ya fara. Da farko yana kame-kame, sannan ya sami hanya. Ya kawo ruwa daga kanal ɗin ban-ruwa, ya zuba a kwami, ya sa rana ta shanye, ya bar gishiri a sama. Ya haƙa magudana, ya wanke ƙasar, ya zuba takin gida. Ta tambaye shi yadda ake auna gishirin, ya faɗa. Ta ba shi alli ta ce ya yi lissafin a allo. Ya fara daidai, ya ɓace a tsakiya, ya goge da hannun riga, ya sake, ya fito da amsar da ta yi kusa amma ba ita ba ce. Ta nuna masa inda ya bar hanya. Ya gyara. Da ta koma tambayar baki sai ya manta inda yake, ya fara zagaya ofis yana nuni da hannu, har ya tsaya gabanta ya ce, "Kun gane ko? Ke ta baya, kin gane?"

Dakta ta ajiye biro. "Uzairu, wa ka tara? Wannan bakin wanda ya saba da jama'a ne. Ka yi mini alƙawari."

"Ban karya ba, ranki ya daɗe."

"To su waye na baya?"

Ya sunkuyar da kai. "Awakin tsangaya ne, ranki ya daɗe."

Ta juya kujerarta ta fuskanci taga. Kafaɗunta suka yi ta motsi na ɗan lokaci. Da ta juyo, fuskar ta koma yadda take, sai dai ta sake cire tabarau tana goge ido.

"Lissafinka gurgu ne," in ji ta. "Sauran ka san shi, kuma ka iya faɗa wa wanda bai sani ba. Zan ba ka makin da zai shigar da kai jarrabawa, ba ƙari ko ɗaya. Jarrabawar kuma babu akuya a ciki."

"Na gode, ranki ya daɗe. Allah ya ƙara girma, Allah ya raya zuri'a, Allah ya..."

"Ya isa."

Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Ranki ya daɗe, gayyar an hana ta ke nan?"

"Ku karanta tare, ku yi musu tare, ku ci abincinku tare. In an zo rubutu, kowa da hannunsa. Tafi."

Su ukun suna tsaye a baranda, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara, don har lokacin ba su san ko alƙawarin ya ƙare ba. Suka dubi fuskarsa. Ya yi ƙoƙarin ɓata rai don ya tsorata su, fuskar ta ƙi ba shi haɗin kai.

"Na shiga," in ji shi.

Mas'ud ya hau kaɗa ƙofar ofishin da ke kusa, sai da wani malami ya leƙo. Shamsiyya ta ce alhamdu lillahi, ta ƙara da cewa in ya sake cewa ba a bin gona bayan gayya, da littafi za ta buge shi. Dikko ya matso yana shinshina rigar Uzairu.

"Kaɗo," in ji shi, "wa ya koya maka kiwo?"

Jarrabawar ta zo, ya zauna shi da bironsa, ya haye da makin da ba a nuna wa surukai. Ranar da aka loda 'yan aji huɗu zuwa gonar koyon aiki, yana kujerar tsakiya, katifar wani a kan cinyarsa, yana raba wa mutane wurin kwana tun mota ba ta fita daga ƙofar jami'a ba.